Aron Hannun Dama

Ni ko ranar aurena ban taka rawa ba, har abokaina suka gaji suka ƙyale ni. Shi ya sa da asibiti suka tura ni jinyar wani malamin rawa a gidansa, na yi dariya a raina. Daga Katsina har Riyad, a ce ɗan rawa ne rabona!

Tsohon Bature ne siriri, an ɗauko shi koyar da rawar bale, wadda ake yi bisa kan yatsun ƙafa. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, damansa ya mutu, magana ta ɗauke. Kafilinsa, wanda ya ɗauko shi aiki, har ya yankar masa tikitin komawa gida.

Babban ɗalibinsa, wani Balarabe da kullum na tarar ya yi tagumi a falo, shi ya ba ni labari. Rawar da suke koyo wani gwani ne ya tsara ta a fadar wani sarkin Turai, tun kafin a haifi kakana. Ya tashi cikin rawa, ya shugabanci 'yan rawan fada, da ya tsufa aka sallame shi aka manta da aikinsa. Ba a rubuta ta ba. Daga jikinsa ta shiga jikin ɗalibinsa, daga nan ta iso ga wannan tsoho, kuma saura kashin ƙarshe bai koyar ba. Na gane, don mu ma mun san karatun da ake ɗauka daga bakin malami.

Ashe su idan ƙafa ta gaza da hannu suke nuna taku, kowane hannu a madadin ƙafa ɗaya. Tsohon sai ya ɗaga hagu, ya dubi daman da ke yashe a cinyarsa, ya kau da kai. Wata safiya ina auna masa jini ya cafke wuyan hannuna na dama.

"Baba, sake ni, aiki nake," na ce.

Ɗalibin ya zabura ya ce, "Ya akhi, don Allah kada ka motsa. Ƙafar dama yake nema."

Na bar masa hannun. Ya lanƙwasa shi, ya miƙe shi, ya gitta nasa a kai, ɗalibin yana bin mu da ƙafafu. In na kuskure sai ya make ni. Na ji haushi, amma na ƙudura ba zai hau jirgi da rawar nan a cikinsa ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, don haka har ranar hutuna zuwa nake. A jirgin ƙasa na metro hannuna ke bita, a gida uwar yara ta ce, "Malam, wannan hannun lafiya kuwa?"

Ana gobe tsohon zai tashi, ɗalibin ya taka rawar daga farko har ƙarshe. Tsohon bai maki kowa ba, hawaye kawai yake. Ni ma na yi.

Bayan 'yan watanni aka aiko mana tsohon ya rasu. Ba a daɗe ba ɗalibin ya same ni a asibiti, wai wani taku ya shige masa duhu. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na ɗaga hannun dama na fara, har na kai inda hagun marigayin ke gittawa, na tsaya ina jira.