Inna ce ta fara jin ciwon a muryata

Salama gare ku, 'yan uwa. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu na cewa na yi kuɗi na manta da mutane. Ina fa, jinya na sha.

Da zufa abin ya fara. To a Sakkwato wa zai kai ƙarar zufa asibiti? Kowa ya ce zafin garinmu ne. Sai zuciya ta riƙa dukan uku-uku ina zaune, hannu na rawa har alli ya suɓuce mini a aji. Ina ci kamar gara, ina ramewa. Ga saurin fushi. Mijina, Baban Walid, bawan Allah, ya sha faɗa ba gaira ba dalili.

Wuyana ya kumbura, hijabi ya rufa mini asiri, ni kuma tsoro ya sa na yi gum.

Mahaifiyata, Inna, ta daɗe ba ta gani. Kullum da safe nakan biya gidanta a unguwar Gidan Dare in karanta mata Alƙur'ani kafin in wuce makaranta. Rannan ina cikin karatu ta tsayar da ni.

"Wagga murya ba taki ba ta. Matso in ji."

Ta zura hannu ƙarƙashin hijabina ta shafa wuyan, ta ce a kira mata mijina.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton wuya. Gwajin ba arha, sai da yayyena suka kama mana. Likita ta ce maƙoƙo ne. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya mai fitar da sinadarin da ke saita bugun zuciya da zafin jiki, tawa ta wuce gona da iri. Na sha magani wata da watanni, ƙarshe aka ce sai tiyata.

Ba ta ɓoye mini ba: jijiyar da ke motsa murya a nan take kwance, ana iya taɓa ta. Nan na ji tsoro na gaske. Inna da murya take ganina.

Na farka daga tiyata sai raɗa nake iyawa. Na yi kuka. Inna ta sa aka kawo ta gidana a unguwar Arkilla, ta tare a ɗakina tana karanta mini surorin da ta haddace, tana tsokanata wai gida ya huta da surutu.

A hankali muryar ta dawo, a dishe. Ranar da na iya kai ƙarshen shafi, Inna ta ce:

"Ta yi kauri, amma taki ta. Ɗora daga inda kit tsaya."

Alhamdulillahi. Likitoci da nas-nas, yayyena, Baban Walid mai haƙuri, Allah ya saka muku da alheri.

Mata 'yan uwana, ku riƙa duba wuyanku a madubi. Zufa da rama da bugun zuciya in sun haɗu, a je a gwada jini. In an ba ku magani kada ku yanke don kun ji sauƙi, ni ma har yau ina kan nawa.

Ku sa Inna a addu'a. Gobe muna kan Suratu Maryam, kuma ba ta yafe makara.