Hoton Ƙirjin Kawu

Jiya ina neman wata takarda na ci karo da hoton ƙirjin Kawu. Har yanzu ambulan ɗin na warin man zafinsa.

Maganin ciwon daji ya riga ya raunana jikinsa lokacin da tari ya kama shi. Likitoci suka ga rami a huhunsa da wani dunƙule a ciki, suka ce tarin fuka ne. Wata huɗu yana shan ƙwayoyi yana ramewa.

Ina tuna shi a barandarsa a Kurmin Mashi, ya ɗaga hoton saitin rana.

"'Yata, ki ce su sake dubawa. Jikina bai karɓi maganin nan ba."

Na ce, "Kawu, ai su suka sani."

Daga baya wata likita ta gano fumfuna ce, irin ta tsohon burodi, ta kama huhun. Kwana tara kacal ya samu yana shan maganin da ya dace.

Ina jin haushin likitocin, amma na fi jin haushin amsar da na ba shi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa jinyar ta zame masa kaffara, ni kuma Ya yafe mini.