Kashin Tattabarar Landan

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Lokacin da abin nan ya faru ni mace ce da ta haura hamsin, mai lambun albasa a fadamar garinmu. Ban taɓa zama a aji ba, ko wannan takardar ma faɗa nake ana rubutawa. Amma an san ni da ido. In na ratsa lambun maƙwabci sau ɗaya zan gaya masa fangalin da ke jin yunwa da wanda ruwa ya yi wa yawa, kuma ba a saba musa mini ba. A shekarun da arzikin fetur ya buɗe, gwamnati tana ta kwasar yara zuwa karatu waje, aka tura ɗana Landan. Matarsa ta haihu a can, uwarta kuwa tana kwance ba lafiya, sai ni aka ɗora a jirgi in je in yi mata wankan jego. Shi ɗan nawa ɗan fari ne, to kun san al'adarmu. Ban taɓa kama sunansa ba, ba na zama hira da shi. Abin da nake so ya ji matarsa nake gaya wa, ko da yana tsaye a wurin.

Suna zaune a hawa na uku a wata unguwar ɗalibai da ake kira Bloomsbury. Lokacin sanyi ne, kuma a shekarar ana yawan ɗauke wuta, abin da ban taɓa zaton ana yi a ƙasar Turawa ba. Wata rana da la'asar sai ga shi da kwali, ya fito da kwalabe goma sha biyu masu siririn wuya, kowace an toshe bakinta da auduga. Ya jera su a tagar ƙaramin ɗakin baya, wai fitilun makarantarsu ba su da tabbas, abin da ke ciki kuwa yana son haske da sanyi. Ya ce wa matarsa kada kowa ya taɓa. Da ya fita na tambaye ta mene ne a ciki, ta ce ruwan teku ne da gansakuka, irin ƙananan da ido ba ya gani sai sun taru, kuma a kanta zai samu babban digirinsa. Gansakuka! Abin da muke kankarewa a gindin randa mu zubar, shi ne aka tsallake teku domin a karanta. Raina ya ɓaci.

Duk da haka idona bai bar kwalaben ba. Kullum da safe yakan ɗaga su a haske, ya yi rubutu, ya ɗiga musu wani ruwa da tsinken gilashi. Na lura shida yana ba su daga ƙananan kwalabe biyu, sauran shidan kuwa daga ɗaya kawai. Shidan farko suka yi duhu kamar shayi, na biyun suka tsaya fari fat, ba ci gaba. Ni kuwa na san shukar da yunwa ta kama ko a cikin ruwa take. Na ce wa matarsa ta gaya wa mai gidanta yana cutar rabin shukarsa. Ta yi dariya, ta ce Inna ki bar su, wannan harkar boko ce. Ba da raini ta faɗa ba, yanzu na sani, amma a ranar dariyar nan ta tsaya mini a rai.

Tattabarun Landan kuwa ba su da kunya, kan tagarmu suke kwana su ɓata ta. Duk mai lambu ya san babu takin da ya kai kashin tattabara. Na kankaro shi da cokali, na busar a kan na'urar ɗumama ɗaki, na jiƙa a gwangwanin madara, na tace da ƙyalle mai tsabta. Da azahar, yana makaranta, na buɗe fararen shidan nan na zuba wa kowace rabin ƙaramin cokali. Ina mayar da audugar ƙarshe sai ga matarsa a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa. Na dube ta irin kallon da nake yi wa yara a gida. Ta sunkuyar da kai ta juya.

Kafin mako ya zagayo kwalabena sun yi jawur, sun ma fi nasa duhu. Har tafiyata ta canza a gidan, ina jiran ranar da zai ce wa matarsa ta yi mini godiya. Shi kuwa sai na ga yana zagaya tagar yana dafe kai. Ya kwashe su ya mayar makaranta. Ashe a can suna gwada dafin abin a jikin ɓeraye, kuma abin da ya fito ya saɓa wa duk abin da ya rubuta a baya. Malaminsa Bature ya duba ruwan a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ga wasu halittu barkatai suna iyo a ciki. Ya ce an buɗe kwalaben nan, aikin wata biyar ya lalace, har ya fara tambayar ko sauran rubutun nasa ma abin yarda ne. Da ya dawo gida kan matarsa ya sauke, tunda ita ke share ɗakin. Ya yi ta faɗa, rabi Hausa rabi Turanci. Ita kuwa ba ta ce komai ba sai Allah ya ba shi haƙuri. Ina zaune a wurin ina gyara wake.

Kwana tara ya yi bai ci abincinta ba, bai amsa gaisuwarta ba sai da ka. Ni kuma safe da yamma ina tafasa ruwa a tukwane uku ina yi mata wanka, ina ganin idonta a kumbure, nononta har ya fara ja baya. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini maganar ba. Na riƙa gaya wa kaina ai uwa ba ta durƙusa wa ɗan fari, kuma fushin miji kwana biyu ne. Ranar Juma'a muna dawowa a bas daga masallacin Regent's Park, inda ta raka ni don kada in ɓata, sai ta matso kusa da ni ta ce tana roƙon alfarma, in ta yi arba'in in tafi da ita da jaririyar gida, za ta ce wa iyayenta sanyin ƙasar ne bai karɓe ta ba. Ta faɗa tana kallon taga. A nan na gane auren yaran nan nake kashewa saboda kashin tsuntsu.

Da muka isa na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na ce masa kai, zo ka zauna. Ya zauna a ƙasa yana kallona kamar baƙuwa. Na gaya masa komai, tun daga cokali har gwangwani. Da ya buɗe baki kuma, wallahi, tambayata ya yi cokali nawa na zuba, har yana laluben biro. Na ce ya ajiye biron nan ya gaya mini dalilin da zai hana shuka abinci da gangan. Ya ce gansakukar nan in ta yi yawa har launin teku take canzawa, wasu halittu masu ɓawo kamar katantanwa su sha ta, mutum ya ci su leɓɓansa su mutu, gaɓɓansa su saki, wani ma numfashinsa ya tsaya. Ya ce abinci iri biyu take so, duk suna cikin taki da ƙazantar da gari ke zubarwa a teku. In ta samu duka biyun sai ta yaɗu. In ta samu ɗaya ta rasa ɗayan ba ta yaɗuwa sosai, amma yana zargin kowace ƙwaya dafinta ƙaruwa yake, kuma fararen kwalaben nan su ne shaidarsa. Na ce masa ai wannan gyauro ne, dawar da ta sake tohowa ta sha fari, wadda akuya ke ci ta kumbura ta mutu, kowane makiyayi ya san shukar da ta wahala ita ke kisa. Na ce da ya faɗa mini haka tun farko da ko kusa da tagar ban je ba. Sai ya ce, a hankali, yaushe na taɓa ba shi fuskar da zai faɗa mini wani abu.

Ya sake aikin daga farko, ya ƙara rabin shekara a cikin sanyin nan. Malaminsa ya yarda da shi bayan ya ji labarin tattabaru. Ni kaɗai na hau jirgin dawowa.

Abin da na koya shi ne ido yana ganin yunwa, amma ba ya ganin dalilinta, sai an tambaya. Ku 'yan boko, ku riƙa buɗe baki kuna yi wa tsofaffinku bayani, ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Mu kuma iyaye, kunyar ɗan fari tana da kyau, amma ni ban yi amfani da ita don kunya ba a kwana taran nan, ɓuya na yi a bayanta, na bar yarinya mai jego tana ɗauke da laifina. Kada wata ta yi haka. Ɗana na ba shi haƙuri tun a ranar. Ita ce har yau bakina ya kasa, ga shi 'ya'yanta sun girma. Na san tana sayen mujallar nan. 'Yata, ki yafe mini.