Kan da Ba Shi da Suna a Riyadh

Ana sallame sallar asuba muka bar Dammam, ni da abokina mutumin Maraɗi, a motar da kafilinsa, wato ubangidansa, ya ara masa da ƙyar. Na ji an kawo kawunan manyan Rumawa na dutse ana baje kolinsu a Riyadh. Ni kuwa tarihi na koyar a Katsina kafin na zo nan tsaron sito, kuma a hoto kawai na san fuskokin nan.

Hanya sumul, sai yashi da raƙuma. A unguwar Al-Aziziya ta Riyadh muka karya da burodin tamis da waken ful, kusa da kasuwar kayan gwari. Abokina ya taya kankana, da ya ji kuɗin ya ce ko a cikinta aka haifi mai ita.

Zauren baje kolin da sanyi kamar firiji. Kawuna ne jere, yawancinsu ba hanci. Jagoranmu, wani Bature mai Larabci tsaf, ya nuna mana yadda ake gane su: a ɗora fuskar kusa da wadda ke jikin tsohon kwabo mai suna, a duba kwanciyar gashin goshi, a duba gemu. Wannan sarki ne, wancan ɗansa. Wallahi na ji daɗi.

Sai muka iso kan wani baƙin mutum, gashi a murɗe, ido a tsaye, kamar ƙanin mahaifina. Jagoran ya ce bawa ne, ba a san ko wane ne ba, ya yi gaba.

Na ce, "Malam, tsaya. Akwai rubutu a jikinsa?"

Ya ce babu.

"To da me kuka gane bawa ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ga fuskar."

A jerin nan akwai fararen kawuna da su ma ba a san sunansu ba, amma an ce wataƙila attajirai ne ko kwamandoji. Shi kaɗai aka yanke wa hukunci ba wataƙila. Na faɗi haka, kuma muryata ta tashi. Mai gadi ya zo ya ce in kawo iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, ya juya ta, ya nuna min ƙofa: "Yalla, barra." Rabin zauren ban gani ba.

A mota abokina ya balbale ni da faɗa. "Malam, a kan dutse za ka ja a kore mu daga ƙasar?" Yana da gaskiya, yana da iyali. Da magariba muka shiga Dammam.

Na je ne in koyi yadda ake gane mutum daga fuskarsa. Na dawo da sanin cewa masanan suna da haƙurin ƙirga gashin goshin sarki, amma namu kallo ɗaya ya ishe su. Har yanzu raina bai huce ba.