Baturiyar Kantin Gyaɗa

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta, don ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba a kan baiwar Allah. Amma abin ya shafi sallata.

Da kakar shekarar da na shiga aji uku ne, a ƙauyenmu kusa da Makoɗa, ni da abokina Sale muka je kalen gyaɗa har rana ta take tsaka, lokacin da manya ke hana yara yawo. A ƙarshen gonakin akwai tsohon kantin awon gyaɗa, kwanonsa ya yi tsatsa, ƙofarsa kullum a rufe. Ranar sai muka gan ta a buɗe. Muka leƙa. Wata tsohuwar Baturiya ce zaune, farin gashi har kafaɗa, da dogon allo mai haƙora farare da baƙaƙe a gabanta. Yatsunta na gudu a kansa, jikinta na rausaya, idonta a rufe, amma ko ƙas ba ka ji.

Direbanta, wani mutumin Damagaram, ya kama mu yana dariya. "Kai, 'yan kala, ba ta cin yara!" Shi ya ce mana daga Faransa take, makaɗiyar fiyano ce da ta cika manyan zauruka da jama'a, ta yaye ɗalibai masu yawa, sai kunnenta ya mutu. Allon na motsa yatsu ne kawai, ba a yi shi da murya ba.

Sale ya gudu, ni na riƙa komawa bayan na kai wa awaki harawa. Takan sa mini goruba a tafin hannu don ya zauna a dunƙule, ta zare ta a hankali, ta bi da yatsuna a kan haƙoran allon ɗaya bayan ɗaya. In na kuskure sai ta taɓa wuyan hannuna da kara. Har yau ban san yadda take gane kuskure ba. Hannunta sanyi ƙalau ko da rana. Da Inna ta ji, ta wanke ni da ruwan magarya, ta ce, "Kiɗan da kunne ba ya ji ba don mutane ake yin sa ba." Kafin a gama ɗaurin dawa na tarar da kantin a rufe, yanar gizo a bakin ƙofar.

Yanzu na yi furfura, wurin ya zama shagon cajin waya, kiɗa na tashi ta ko'ina. Amma tun bara, in na zauna tahiya, yatsuna na dama sai su kama tafiya a kan gwiwata yadda ta koya mini. Ina sake sallar, su sake. Da na ba limaminmu labarinta, ya ce, "Malam Habu, in mutum ce, sabo ne, ka bar wasiwasi. In ba mutum ba ce, sai ruƙiyya." Yayana ya rantse ba wanda ya taɓa zama a kantin nan. Sale da Inna sun rasu.

Don Allah, duk wanda ya gan ta, ko ya san direban, ko ya ji inda aka binne ta, ya sanar da ni. Kabari kawai nake so a ce tana da shi.