Ranar da Kyamara Ta Kama Zumuntar Mata

Har gobe ban manta da wata Talata ba, lokacin ina shugaban masu gadi a wani sito na citta a Kafanchan. A shekarar aka kafa mana kyamarori masu wayo. Injiniyan ya ce akwai ontoloji a cikinsu, wato an raba wa na'urar halayen mutane gida-gida: wannan tafiya, wannan faɗuwa, wannan hari. Hari shi ne jama'a su kewaye mutum ɗaya, yana ƙasa, hannuwa suna sauka a kansa. Doka kuwa, da ƙararrawa ta buga, in kulle get kafin in tambayi kowa.

Ran nan matan zumuntar coci suka zo yi wa manajanmu addu'a, don bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Shugabarsu Mama Saratu, surukata ce, wadda dama take ganin 'yarta ta yi asarar aure. Manaja ya durƙusa a tsakar fili, suka zagaye shi, suka ɗora masa hannu, suna ta girgiza shi.

Sai ƙararrawa! Allon ɗakin gadi ya rubuto wai ana dukan mutum. Ni ina bayan sito, ban ga komai ba. Na ruga na danna kwaɗo, na kira 'yan banga. Suka iso da gorori, suka tarar da iyayensu mata cikin anko suna "Amin".

Mama Saratu ta tako har bakin get, ta dubi kwaɗon, ta dube ni.

"Bulus, ni ka kulle?"

"Mama, ba ni ba ne, na'ura ce."

"Na'urar ce ta auri 'yata?"

Kai, na so ƙasa ta tsage in shige! Na san in ta fita da wannan fushin, tuwon gidana ya ƙare. Na zube gwiwa biyu, goshi har ƙasa, ina ba ta haƙuri.

Ƙararrawa ta sake ɗauka. Abokin aikina ya leƙo daga ɗakin gadi yana ihu: "Oga, wai mutum ya faɗi a get, a kira asibiti!"

Matan nan suka kwashe da dariya, har da manaja. Mama Saratu ta cije leɓe, ta kasa riƙewa.

"Tashi, ɗana," ta ce, "kafin ta ce ni na kashe ka."

Tun da na auri 'yarta, sai ranar ta fara ce mini ɗana.

Washegari injiniya ya zo ya ƙara wa na'urar gida biyu, addu'a da gaisuwa. Ku sababbin ma'aikata, ga abin da na koya: na'ura tana ganin gwiwa a ƙasa, amma ba ta san dalili ba. Ku leƙa da idonku kafin ku taɓa kwaɗo, don ba kowa ne surukarsa za ta yi dariya ba.