Ranar da Aka Koya Mini Kallon Idon Babana

Har yau in na ji ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti, sai gabana ya faɗi. Irinta ce kawuna ya aro daga makarantar firamare ya dasa a zaurenmu na Aliero.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ce. Albasarmu ta ruɓe a rumbu, wari ya cika gida, hatsi kuma ya kusa ƙarewa. Sai aka ji ana ɗaukar mataimakan malaman gona a Jega. A gidan ni kaɗai na yi boko, shi ma ban yi nisa ba.

Kawu ya daɗe yana masinja a Sakkwato, ya san halin ofis. Ya ce takardata ba ta da nauyi, sai dai a gyara mini zama da magana. Mu a gidanmu yaro ba ya haɗa ido da babba. Durƙusawa ake yi, a amsa ƙasa-ƙasa. Kawu ya ce da wannan ladabin wawa za su ɗauke ni.

Ya sa Baba ya zama mai yi mini tambayoyi, kamar yadda za a yi mini wurin ɗaukar aikin. Baba a tabarma, ni a kujera, sama da shi.

"Ɗago kai," in ji Kawu. "Dube shi cikin ido."

Na kasa.

Baba ya ce, "Dube ni, ɗan nan. Hatsin da ya rage ba shi kai mu kaka."

Na duba. Ran nan na fara ganin ya tsufa, na kuma ga yana jin tsoro. Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar, har na daina jin nauyi.

A Jega, wani yaro daga Maiyama ya shiga ofishin kafina. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, na jiyo dariya daga ciki. Ni kuwa na zauna daram, na yi bayanin taki da tsutsar albasa da murya sama. Aka ɗauke ni. Gidanmu bai kwana da yunwa ba.

Sai dai kallon nan ya biyo ni gida. Lokacin dashe, a gaban 'yan ƙodago, na tsaya a kan Baba na ce masa yadda yake dasa albasa tsohon yayi ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, malam." Daga nan komai na gona sai ya tambaye ni, ni kuma ina jin daɗi.

Yanzu jikokina suna yi mini magana a tsaye, ido cikin ido, ba wanda yake ganin laifinsu. Wataƙila su ne da gaskiya. Ni dai sai da Baba ya kwanta ciwon ajali na tuna na durƙusa a gabansa. Lokacin ya riga ya makance, bai gani ba.